Mai Riƙe da Makulli Ma Sai Ya Yi Sallama

A unguwannin Ingila inda tsofaffi suka yi yawa, mai lura zai ga wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, an kafe shi a jikin bangon bulo kusa da ƙofa, wani lokaci a ɗan saye bayan bututun ruwa ko tukunyar fure. A fuskarsa akwai maɓallan lambobi, a cikinsa kuwa makullin gidan ne ke kwance. Duk wanda ya san lambar sirrin zai danna, murfin ya buɗe, ya ɗauki makulli ya shiga, in ya gama abin da ya kawo shi ya mayar ya rufe. Ma'aikatan da ke zuwa gida gida suna kula da tsofaffi da masu naƙasa su ne suka fi amfani da shi, sai ma'aikatan jinya na unguwa, da masu kai abinci, da ma'aikatan motar asibiti, waɗanda a wurare da dama akan ajiye musu lambar a ofishin da ke karɓar kiran gaggawa. Ƙananan hukumomi da kamfanonin kula da tsofaffi sukan ba da shawarar a kafa shi tun ranar da aka fara tsara wa mutum hidima, har ya zama kamar wani ɓangare na kayan tsufa, tare da sandar dogarawa da ƙararrawar da ake ratayawa a wuya.

Dalilin yaɗuwarsa a fili yake. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna mutum miliyan 3.3 masu shekara 65 zuwa sama suna zaune su kaɗai a Ingila da Wels. Hukumar lafiyar ƙasar, NHS, ta daɗe tana cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na masu waɗannan shekaru yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma likitoci sun san cewa daɗewa kwance a ƙasa bayan faɗuwar yakan yi ɓarnar da ta kai ta faɗuwar ko ta fi: sanyi ya shiga jiki, ruwa ya ƙare, ƙoda ta taɓu. Tsohuwar da ƙafafunta ba sa ɗaukarta zuwa ƙofa tana iya buƙatar a zo mata sau huɗu a yini, da safe a tashe ta a yi mata wanka, da rana a ba ta abinci, da yamma a ba ta magani, da dare a kwantar da ita, kuma ba mutum ɗaya ne ke zuwa ba, yau wannan gobe waccan. Kafin akwatin, ko dai a yanka makullai da yawa a rarraba su suna yawo a jakunkuna, ko a bar ƙofa a buɗe, ko a tura makulli ƙarƙashin tabarmar bakin ƙofa inda kowane ɓarawo ke fara dubawa, ko kuma a jira 'yan sanda su ɓalle ƙofa ranar da aka ji shiru. In aka jera waɗannan, akwatin ya fi su duka hankali, kuma ba ni da ja a kan haka.

Inda nake da magana shi ne a kan abin da akwatin ke saurin koya wa mutane ba tare da sun ankara ba, wato cewa wanda aka ba damar buɗe ƙofa an ba shi izinin shiga ke nan. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma ƙofa ta saba riƙe su tare: sai mai gida ya taso ya buɗe, buɗewar tasa ita ce yardarsa. Akwatin ya raba su. Ya miƙa buɗewa ga na waje, ya bar yarda a wurin na ciki, sai dai na ciki ya rasa hanyar da yake bi ya bayyana ta. Ra'ayina shi ne lambar sirrin ajiya ce da aka damƙa wa ma'aikaci saboda wata lalura ta jiki, ita kuwa yarda ba a ajiye ta a akwati ba, tana nan wurin mai gida, kuma dole a nema ta a kowace shiga. Shari'ar Musulunci ta yi dogon nazari a kan wannan mas'ala tun kafin a ƙera akwatin da ƙarnuka, kuma abin da ta cim ma yana da amfani ga gidan da ba Musulmi a cikinsa.

Aya ta 27 da ta 28 na Suratun Nur sun hana shiga gidan da ba na mutum ba sai ya nemi izini ya yi sallama, suka kuma ce in ba a sami kowa ba kada a shiga, in aka ce a koma a koma. Hadisin Abu Musal Ash'ari, wanda ya yi sallama sau uku a ƙofar Sayyidina Umar bai ji amsa ba ya juya, shi ya kafa iyakar sau uku, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa suka sani sarai, ta lissafa neman izini cikin wajibai. Hadisin Sahlu ɗan Sa'ad da ke cikin Bukhari da Muslim ya faɗi illar hukuncin, wato dalilinsa, cewa saboda gani aka shar'anta shi. Da Jabir ya ƙwanƙwasa aka tambaye shi wane ne ya amsa da cewa shi ne ba tare da ya faɗi sunansa ba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna rashin jin daɗin amsar. Amma ruwayar da ta fi dacewa da zancenmu tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Wani mutum ya tambaya ko zai nemi izini kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa, aka ce masa e. Ya ce ai gida ɗaya suke, aka sake ce masa ya nema. Ya ce shi ne ma mai yi mata hidima, aka ƙara tabbatar masa, sannan aka tambaye shi ko zai so ya tarar da ita ba sutura. Duk hujjar da ma'aikacin kula da tsofaffi zai iya kawowa yau, mutumin nan ya riga ya kawo ta, har da wadda ta fi ƙarfi, ta zama ɗa, kuma ba a karɓi ko ɗaya ba.

Akwai kuma aya ta 58 ta wannan sura, wadda ta yi magana a kan mutanen cikin gida da ke kai da komo a kan juna, barori da yaran da ba su balaga ba. An sassauta musu a sauran lokuta saboda yawan zirga-zirga, amma aka ware lokuta uku da dole su nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi a kishingiɗa, da bayan sallar isha'i. Mai karatu ya dubi waɗannan lokuta, ya koma ya dubi jadawalin ziyarar da kamfanonin Ingila ke tsarawa, zai ga kusan su ne: tashin safe, tsakar rana, shirin barci. Babu mamaki a ciki, domin lokutan da mutum ya fi buƙatar taimako su ne lokutan da jikinsa ya fi zama a buɗe, yana kan gado ko a bayan gida ko yana fama da rigar da ta ƙi shiga. Sassaucin da ake yi wa mai yawan shiga, wanda shi ne ma'aikacin zai so ya jingina da shi, ya ƙare ne daidai inda aikinsa ya fara.

Turawan Ingila su ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Tun shari'ar Semayne ta 1604 alƙalansu suka siffanta gidan mutum da ganuwarsa, kuma sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wadda dokar 1998 ta shigar cikin dokokin Birtaniya, ya ambaci gida da sunansa cikin abubuwan da dole a mutunta. Ƙa'idojin 2014 da hukumar CQC ke auna kamfanonin kula da mutane da su sun ware doka ta 10 ga mutunci da sirri, ta 11 ga yardar wanda ake yi wa hidima. Kamfanoni da yawa suna koya wa sabbin ma'aikata su ƙwanƙwasa ko su danna ƙararrawa su faɗi sunansu ko da makulli na hannunsu. Don haka a takarda ba a bar komai ba. Rauninsu shi ne tsarin hukuma ya fi gane yardar da aka sa wa hannu: an zo ranar farko, an cika takarda, tsohuwa ko 'yarta ta rattaba hannu cewa an yarda a kafa akwati a ba kamfani lamba, an saka takardar a fayil. Daga nan ƙwanƙwasawa ta koma ladabi mai kyau wanda in an yi madalla, in an manta babu wanda zai tuhumi kowa. Fiƙihu ya ɗauke ta haƙƙin na ciki, kuma bambancin ladabi da haƙƙi yakan bayyana ne ranar da ma'aikaciya ta makara kuma ruwa na zuba.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce izinin an riga an bayar. Mace ta yarda da bakinta a kafa akwatin, ta san ƙarfe bakwai za a zo, ita ce ma ke biyan kuɗin ko ƙaramar hukuma ke biya a madadinta. To neman izini na biyu ba wasan kwaikwayo ba ne, tun da ko ta amsa ko ba ta amsa ba za a shiga? Shari'a ta san izini mai ɗorewa, kuma aya ta 61 ta Suratun Nur ta ambaci gidajen da mutum ke riƙe da makullansu cikin waɗanda ba laifi ya ci abinci a ciki. Malaman tafsiri sun kawo ruwayar cewa masu fita yaƙi sukan bar makullansu a hannun makafi da guragu da marasa lafiya su ce musu su ci daga abin da ke gidan, su kuwa sai su riƙa jin nauyi, har ayar ta sauka ta cire musu shi. Abin lura a nan biyu ne. Gidajen nan masu su ba sa ciki, ba wanda za a tarar a wani hali. Sannan masu riƙe da makullan sun kasa ɗaukar makulli a matsayin izinin komai, sai da aka fayyace musu abin da ya halatta. A zamanin nan abin ya juye, masu rauni ne ke miƙa makulli ga masu ƙarfi, kuma suna kwance a ciki lokacin da za a buɗe. Izinin da tsohuwar ta bayar wakilci ne a kan abu guda: ƙafata ba ta kai ni ƙofa, ki buɗe a madadina. Wakili ba ya wuce abin da aka wakilta shi. Ba ta wakilta kowa ya yanke mata hukuncin ko ta shirya a gan ta ba.

Game da cewa wasan kwaikwayo ne kuwa, wannan ya taso ne daga zaton cewa amfanin sallama kawai shi ne a samu damar korar baƙo. Galibin sallamar da ake yi a duniya ba a korar mai ita. Abin da take bayarwa shi ne ɗan lokaci. Gidan Bahaushe na gargajiya ya gina wannan lokaci da ƙasa da azara: baƙo ya tsaya a zaure, ya yi sallama ko ya aiki yaro, kafin mai gida ya fito ko a ce ya shigo matan gida sun ja mayafi, an kawar da abin da ba a so a gani. Ƙananan gidajen jere na garuruwan Ingila da yawa ƙofarsu kai tsaye take buɗewa cikin falo ko wani siririn lungu, kuma idan tsoho ya kasa hawa bene, a falon nan ake kafa masa gadon asibiti da kujerar bayan gida. Tsakanin titi da gadonsa babu komai sai ƙofar da makullinta ke rataye a waje. Abin da ya rage masa na zaure shi ne daƙiƙun da ke tsakanin muryar da ta ce wance ce daga kamfani kaza da lokacin da fuska za ta bayyana. A cikinsu zai ja bargo, ya mayar da haƙoran roba bakinsa, ya share hawaye in kuka yake yi, ya katse wayar da yake yi da ɗansa, ko ya ce a ɗan dakata. Wanda kunnensa ya yi nauyi sai a nemo masa abin da zai maye gurbin murya, ƙararrawa mai walƙiya ko kunna fitilar lungu a jira kaɗan, domin illar hukuncin gani ce, ba ta faɗuwa don ji ya ragu.

Za a ce lokaci fa? Wannan ƙorafi na gaskiya ne, kuma bai kamata a yi wa ma'aikatan wa'azi daga kan kujera mai laushi ba. An yi shekaru ana sukar ƙananan hukumomin Ingila a kan sayen ziyarar minti 15, har cibiyar NICE ta fitar da jagora a 2015 cewa ziyarar kula da mutum a gida ta kasance aƙalla rabin awa sai a wasu keɓantattun halaye. Ƙungiyar ƙwadago ta Unison ta daɗe tana kuka a kan ma'aikatan da ba a biyansu lokacin da suke ɓatawa a hanya tsakanin gida da gida. Matar da ke da gidaje a jere, ga cunkoson hanya, ga waya na nuna mata ta makara, ita ce za ta fara yanke duk abin da ba a rubuta a jadawali ba. Laifin ya fi rataya a wuyan wanda ya tsara jadawalin. Duk da haka sallama da jiran amsa ba sa cin minti guda, kuma abin da ke kashe su sau da yawa sabo ne, ba ƙarancin lokaci ba. Yau da gobe gidan ya zama wurin aiki a idon mai zuwa, ta san inda kofi yake, ta san makunnin da ya lalace, har ta manta cewa a idon mai gidan nan ne ɗakin da mijinta ya rasu.

Wasu kuma daga ɗaya gefen za su taso, su ce akwatin kansa ne kuskure, rataye makullin tsohuwa a bango gayyatar ɓarayi ce. Gaskiya ne akwatunan sun bambanta. Akwai masu araha da guduma ke fasawa, akwai irin su Supra C500 da suka ci gwajin juriyar fasawa na LPS 1175 suka sami amincewar shirin 'yan sanda na Secured by Design. Irin masu maɓallin dannawa na ƙarfe suna da wani rauni da mutane ba su cika sani ba: ba ruwansu da jerin da aka bi wajen danna lambobin, kuma ba a maimaita lamba, shi ya sa mai maɓalli 12 bai wuce haɗi 4,096 ba. Sai dai ƙarfen ba shi ne wurin da ya fi rauni ba. Lambar da aka ɗauko daga shekarar haihuwar mai gida, wadda aka rubuta kusa da adireshi a takardar da ke kan kujerar mota, wadda aka tura ta saƙon waya ga wanda zai karɓi aiki, wadda ba a canza ba bayan ma'aikata da yawa sun zo sun tafi, ita ce ƙofar ɓaraka. Makullin ƙarfe in an ba ka ana iya karɓewa, lamba kuwa ba a cire ta daga kan wanda ya haddace, sai dai a canza ta. Binciken da hukumar DBS, wadda aka kafa a 2012, ke yi wa masu neman aikin yana tace waɗanda aka taɓa kamawa ko aka haramta musu aikin, bai san zuciyar wanda ba a taɓa kamawa ba.

A nan ma babin ajiya na fiƙihu ya fi dacewa da lamarin fiye da zancen ingancin ƙarfe. Malamai sun ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya in ta salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kuma cikin ƙetare iyaka suka lissafa miƙa ajiyar ga wani ba da uzuri ba, da ajiye ta a inda ba a ajiye irinta, da amfani da ita a abin da ba a yarje ba. Ma'aikaciyar da ta faɗa wa mijinta lambar don ya shigar mata da kaya, ko ta leƙa gidan a lokacin da ba nata ba don ta sha shayi, ko ta bar murfin a buɗe tana ciki, duk ta faɗa ƙarƙashin waɗannan ko da tsinke bai ɓata ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne cewa aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita, masu tafsiri da yawa sun danganta saukarta da makulli: ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, aka mayar wa Usman ɗan Ɗalha makullin Ka'aba, wanda har yau yake hannun zuriyar Banu Shaiba. Don haka hujjar masu tsoron ɓarayi ba ta rushe akwatin ba, ta dai nuna cewa nauyin da ke kan masu sanin lambar ya fi yadda kamfanoni ke ɗauka, kuma mai gida na da haƙƙin ya san sunan duk wanda ya san ta, ya kuma sa a canza ta duk ranar da ya ga dama ba tare da ya kawo dalili ba.

Mai karatu Bahaushe zai iya cewa duk wannan matsalar mutanen da suka watsar da iyayensu ce, da akwai 'ya'ya da jikoki a gida wa zai nemi akwati. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Da yawa daga tsofaffin nan su suka zaɓi zama a gidajensu maimakon gidan kula da tsofaffi ko ɗakin baƙi na gidan 'ya'yansu, kuma akwatin na cikin abin da ya ba su ikon wannan zaɓi. Sannan ruwayar Muwaɗɗa da ta gabata a kan ɗa take, ba a kan baƙo ba, abin da ke nuna cewa dangi ma sukan keta sirrin tsoho, wataƙila fiye da bare, domin su ba sa jin akwai abin da za su nemi izini a kansa. Zancen kuma ya matso kusa da mu ta wata hanyar. Tun da Birtaniya ta buɗe bizar aikin kula da tsofaffi ga 'yan ƙasashen waje a watan Fabrairun 2022, 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi yawa a wannan aiki tare da 'yan Indiya da Zimbabuwe, kafin a rufe ɗauko sabbi daga waje a 2025. Wasu daga cikin yatsun da ke danna maɓallan nan da sanyin asuba a Bamingam ko Manchesta na mutanen da aka raina ne a kan cewa ba a faɗa wa ɗakin kowa ba sallama. Ba sai an koya musu ba, sai dai a bar musu daƙiƙun da za su yi abin da suka sani.

Wuri mafi wuya shi ne inda na ciki ba ya iya amsawa, ko ya amsa da a'a. Shiru ya kasu kashi biyu. Aya ta 28 ta Suratun Nur ta ce in ba a sami kowa ba kada a shiga, amma shirun matar da aka san tana ciki, aka san ba ta fita, aka kira sunanta sau uku ba motsi, ba shirun gidan da ba kowa ba ne. Malamai sun keɓe gobara da ceton rai daga wajabcin neman izini, dokar Ingila ma ta 1984 ta ba ɗan sanda ikon shiga don ceton rai, kuma saboda irin wannan ranar aka kafa akwatin tun farko. Ma'aikaciya ta shiga, tana ci gaba da faɗin sunanta tana tafiya. Gigin tsufa ya fi haka sarƙaƙiya. Dokar 2005 da ta shafi ikon yanke wa kai hukunci a Ingila da Wels ta ce a ɗauka mutum na da hankalin zaɓi har sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin da wasu ke gani wauta ne ba ya zama hujjar cewa ba shi da shi. In an tabbatar ya rasa, sai a yi abin da ya fi zama maslaha gare shi ta hanyar da ta fi ƙarancin tauye shi. Mai gigin tsufa ya fi kowa buƙatar sallama, domin shi kullum baƙuwa ce ke shigo masa, ko da jiya ita ta yi masa wanka, kuma fuskar da ta bayyana a kansa ba sanarwa tsoro ce tsantsa. Akwai kuma haɗarin da ke ɗaya ɓangaren ƙofar: ma'aikaciya ta gama, ta kulle daga waje, ta mayar da makulli akwati, alhali na ciki ba shi da wani makulli ko ba ya iya juya shi. An yi haka don kada ya fita ya ɓata, amma abin da aka yi kulle ne, kuma in wuta ta tashi ba shi da mafita. Hukuncin kotun ƙolin Birtaniya na 2014 a shari'ar Cheshire West ya ce kyakkyawar niyya da daɗin wurin zama ba sa hana a kira tsarewa da sunanta, kuma irin wannan shawara ba ta ma'aikaciya ɗaya ba ce a bakin ƙofa.

Saura wanda hankalinsa ke nan garau ya ce yau ba ya so. Wannan ne ma'aunin da zai nuna ko sallamar ta gaskiya ce. Tsoho na da damar ya ƙi wanka, ya ƙi a shigo, ya ce a dawo an jima, ko da jadawali bai tanadi an jima ba, ko da 'yarsa da ke biyan kuɗi za ta yi fushi. Ma'aikaciyar na iya lallashi daga bakin ƙofa, ta tambaya ko ya sha magani, ko ya ci abinci, ko akwai inda ke masa ciwo, ta saurari muryarsa ta auna ko ta saba. In ta ji abin da ya tayar mata da hankali ta kira ofis ko motar asibiti. In kuwa ba ta ji ba, kuma ya nace, sai ta mayar da makulli, ta rufe murfin, ta rubuta cewa ya ƙi, ta sanar da ofis domin mai zuwa da rana ta san halin da ake ciki, kuma kamfanin ya biya ta kuɗin ziyarar cikakke, don in komawa na jawo mata asara, ba za ta daɗe tana komawa ba.